Bango, Durowa ko Naɗi: Ina Mai Aikin Katako a Gida Zai Ajiye Cizal?

Yawancin cizal, wato kurfin fafe katako, da ke mutuwa a hannun masu aikin katako a gida ba aiki ne ke kashe su ba, ajiya ce. Mutum zai zauna a kan dutse ya wasa baki har ya kai ga aske gashin hannu, ya gama aikinsa, sannan ya jefa shi cikin tsohon bokitin fenti tare da guduma da magagari da ragowar ƙusoshi. Washegari ya ɗauko ya tarar da giɓi a bakin, ya ce ƙarfen ne ba shi da kyau. Ƙarfe ba shi da laifi. Ana wasa bakin cizal ne a kan gangaren digiri 25 zuwa 30, ƙarshensa bai kai kaurin takarda ba, bugu ɗaya a jikin magagari ya isa ya ɓantare shi. Don haka duk ma'ajin da za a zaɓa, abin dubawa shi ne: bakin zai taɓa wani ƙarfe? Laima za ta kwana a kansa? In an miƙa hannu, ƙota za a fara kamawa ko kaifi?

A Kebbi da Zamfara shekara tana zuwa da matsaloli masu karo da juna. Daga Yuni zuwa Satumba damina ce, Agusta ya fi kowane wata jiƙewa. Ƙarfe yana fara tsatsa sosai idan laimar iska ta haura kashi 60 cikin ɗari, kuma a tsakiyar damina ta kan zarce haka nesa, musamman a Yawuri da ke bakin kogin Neja, da unguwannin da ke gefen fadamar Argungu da Birnin Kebbi, da ƙauyukan noman rani na Bakolori wajen Talatar Mafara. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuma hunturu ne: tsatsa ta yi barci, amma ƙura ta shiga ko'ina, katako ya bushe ya tsuke. Da bazara sai zufa, wadda gishirin cikinta kan bar shatin yatsa ja a jikin ƙarfe cikin kwana biyu. Ma'ajin da ya wadatar a Ƙauran Namoda cikin Janairu ba lallai ya wadatar a Yawuri cikin Agusta ba.

Kafin a yanka katako ko ɗaya, a duba yadda ƙota ta haɗu da ƙarfe. Iri biyu ne. Akwai mai wutsiya, wanda ƙarfen ke sirancewa ya shige cikin ƙota, da zobe a wuya don kada ta tsage. Akwai kuma wanda gindin ƙarfen mazurari ne, ƙota ce ke shiga cikinsa, babu gam babu ƙusa, matsewa kaɗai ke riƙe ta. Wannan na biyun shi ne abin tsoro da hunturu. Ƙotar tana tsukewa ta saki, in aka ɗaga shi ta sama sai ƙarfen ya suɓuce ya faɗo da baki a kan siminti, ko a kan ƙafar da ke cikin silifa. Duk mai irin wannan cizal, ma'ajinsa ya riƙe ƙarfen a ƙarƙashin mazurarin, ba ƙota ba, kuma ya saba da buga gindin ƙota a kan benci sau ɗaya kafin ya fara aiki. Masu ƙotar roba ba ruwansu da wannan.

Ratayen bango shi ne abin da ya fi sauƙi, ya kuma fi saurin kai wa hannu. Don cizal takwas, a samu busasshen katako mai kaurin milimita 20, faɗin santimita 8, tsawon santimita 47. A ja layi santimita 3 daga gefen gaba, a sa alama ta farko santimita 4 daga ƙarshe, sauran kuma a bar santimita 5 da rabi tsakanin kowace. Wannan tazarar ba ɓarnar wuri ba ce: ƙota tana kai santimita 3 zuwa 3 da rabi a kauri, in aka matse su yatsu ba za su samu wurin shiga ba, sai a riƙa ture na kusa. A huda rami a kan kowace alama, faɗinsa ya fi wuyan ƙarfen amma bai kai kafaɗar ƙota ba. Ga yawancin cizal ɗin kasuwa milimita 16 zuwa 20 ne, amma a auna kowanne da kansa, domin ko ƴan kwali ɗaya ba su cika zama daidai ba, balle kurfin da maƙeri ya ƙera daga tsohon sifirin mota.

Sannan a tsaga hanya da zarto daga gefen gaba zuwa cikin ramin, faɗin milimita 10 zuwa 12. Nan ne mutane ke kuskure iri biyu. Wasu ba sa tsaga hanyar sam, sai su tarar cizal mai inci ɗaya ba ya shiga ramin milimita 18, su faɗaɗa ramin, ƙota ta zurma gaba ɗaya. Wasu kuma su tsaga hanyar daidai da faɗin ramin, to da an buga ƙofa ko an jijjiga bango sai cizal ya zame ya fito. Dole hanyar ta fi ramin ƙunci: wuyan ƙarfe ya wuce ta ciki, zoben ƙota ya sauka ya zauna cikin ramin, ba ya fita sai an ɗan ɗaga shi. In aka ɗan fafe bakin ramin ta sama, zaman ya fi kyau.

Rataye haka tsirara yana barin baki takwas suna lilo a ƙasa. Hannun da ya miƙa neman wani abu a ƙarƙashi yana komowa da jini, ba a maganar yaran gida da ke shigowa ɗaukar guntun katako. A buga filawud mai milimita 6 a gaba, ya rufe daga tsakiyar ƙarfe zuwa santimita 2 ƙasa da bakin da ya fi tsawo. Ƙasan a bar shi buɗe don ƙura da garin katako su riƙa zuba, kada su taru su riƙe laima.

Akwai wani salon da ya fi wannan saurin haɗawa: sanda biyu a jere, da ƴan guntayen katako a tsakani, cizal ya shiga ta sama kafaɗarsa ta tsaya a kan sandunan. Tazarar milimita 8 zuwa 10 ta isa cizal na yau da kullum, mai kaurin nan na fafe ramin haɗi kuwa yana son 12 zuwa 15. Guntayen tsakanin su ne ke hana baki haɗuwa da baki, kada a yi rowarsu. Amfaninsa, ba ruwansa da girman zobe, in an sayi sabon cizal ba sai an sake huda ba. Aibinsa, sai an zaro ƙarfen gaba ɗaya ta sama, wato ana bukatar sarari na santimita 15 a samansa, kuma kaifin yana gogar katako duk shiga duk fita in hannu bai miƙe ba. Ya fi dacewa a bayan benci, inda babu kanta a sama.

Bangon da za a kafa shi ma abin zaɓe ne. Ruwan damina a wannan yanki daga gabas yake bugowa, bangon gabas shi ke shan duka, ya daɗe yana riƙe da danshi. A nemi bangon ciki. In ginin bulo ne, a huda a sa fisha, wato robar da ke riƙe sukuru a bango, da sukuru, a sa ƴan guntaye a baya don a bar santimita 2 tsakanin katako da bango, iska ta riƙa wucewa. In ginin ƙasa ne, ƙusa ba za ta riƙe nauyin ba, kuma gara tana bin bangon ta shiga katako ta baya ba a sani ba. Gwamma a ɗaure sanda biyu na tu-bai-tu, wato masu kaurin inci 2 da faɗin inci 2, a ƙafafun benci na baya, a kafa ratayen a jikinsu. Ɗakin da ke da kwano ba silin kuwa, a lura da inda raɓa ke ɗigowa da asuba.

Sandar maganaɗisu, ko maganaɗisun tsohuwar sifika da wasu ke mannawa a bango, tana da ban sha'awa a ido, kuma ita ce ta fi kowanne rauni. Ƙarfen da ya daɗe manne da maganaɗisu shi ma yana zama maganaɗisu, sai garin ƙarfe ya riƙa maƙalewa a bakinsa lokacin wasawa, ya hana a ga ko kaifi ya fito, ya kuma karce bayan da aka sha wahalar gogewa. Mai ƙarfi yana fizgar cizal daga hannu ya buga shi, marar ƙarfi kuma yana sakin mai nauyi. Bakin a buɗe, ƙura a buɗe. A bar ta wa sukurudireba.

Durowa ta fi bango kare ƙura, ta fi shi ɓoye kaifi daga yara, amma durowar da ba a raba ba bokitin nan ne aka kwantar. Duk buɗewa da rufewa cizal suna gangarawa su gwaru. Wadda za ta yi aiki tana son zurfin santimita 5 zuwa 6, tsawon 35 zuwa 40 daga gaba zuwa baya, da sanda biyu a gicciye masu gurabe: ɗaya ta tallafi wuyan ƙarfe, ɗaya ta tallafi ƙota. Gurbin wuya shi ne ke hana cizal zamewa gaba idan an rufe da ƙarfi, don haka ya zama ƙunci. A ƙarshen da baki ke fuskanta a manna katako mai taushi, irin malaina, a bar santimita 1 tsakani, ko da ɗaya ya kuɓuce ya tarar da abin da ba zai ci masa baki ba. In wuri ya yi kaɗan, a jera su kai da ƙafa, wannan ƙota gaba wancan ƙota baya, tazarar ta sauko zuwa santimita 4. Sai dai yin haka yana sa rabin bakunan suna kallon mai buɗewa, wanda bai saba ba ya hakura da shi.

Kada a shimfiɗa soson katifa a ƙasan durowa. Yana shan laima ya riƙe, cizal ya kwana a kansa, bayan sati biyu na damina a ɗaga a ga shatinsa ja a jikin soson. Haka ɗanyen katako: wanda aka sayo daga ƴan katako jiya-jiya, in aka yi ma'aji da shi, ruwan cikinsa a jikin ƙarfe zai ƙare. Aibin durowa na gaskiya shi ne ɓoyewa. Tsatsar da ta kama cizal a bango ana ganinta tun tana ɗigo, ta cikin durowa sai ta yi nisa. Kuma mai aikin da ke ɗaukar cizal sau goma a sa'a ba zai riƙa buɗe durowa ba, zai bar su zube a kan benci, su gangaro ƙasa.

Naɗi, wato jakar da ake naɗewa a ɗaure, na tafiya ne. Wanda ake kira kafa ƙyaure a maƙwabta ko gyaran gado a ƙauye ba shi da abin da ya fi shi. Tela zai ɗinka shi daga tamfol mai kauri na auduga, santimita 60 a faɗi, 45 a tsawo, aljihu takwas masu faɗin santimita 4 zuwa 6 da zurfin 13, da murfin da zai faɗo a kai kafin a naɗe. Ana gardama a kan wane ɓangare ke shiga aljihu. In baki ya shiga, yana yanke ɗinkin ƙasa a hankali har wata rana ya leƙo waje. In ƙota ta shiga, bakuna suna sama, ana ganin girman kowanne, murfi ne ke rufe su, amma hannu yana haɗuwa da kaifi. Abin da ya raba gardamar shi ne hula: kowane baki a yi masa murfi, ko robar da ya zo da ita daga kanti, ko guntun tiyo, ko kwali da aka naɗe da salatif. Da hula a kai, baki ya shiga aljihu ba fargaba.

Fata ta fi tamfol kyau da daɗewa, kuma dukawa ba su yi ƙaranci a ƙasar nan ba, fatar jar akuya ta yankin Sakkwato sananniya ce har ƙasashen waje. Amma ba girin-girin ba, ta yi mai. Fatar da aka jeme da bagaruwa, in ta ji danshi, sinadarin jimar yana haɗuwa da ƙarfe ya bar baƙin tabo. Fatar kamfani da aka jeme da gishirin kurom, wadda in an yanka ta ake ganin tsakiyarta shuɗi-shuɗi ruwan toka, ta fi muni, tana cin ƙarfe. Kowace iri ce, fata tana shan laima daga iska ta riƙe ta a jikin abin da ta rungume. A fita da ita aiki a dawo, ba laifi. A naɗe cizal a cikinta a ajiye tun daga Yuli har kaka, to wannan neman tsatsa ne. Leda ma haka, tana tara gumi a ciki.

In za a zaɓi ɗaya tak don ɗakin aiki na gida a nan, ƙaramin kabad na bango mai ƙofa, da ratayen ramukan nan a cikinsa, shi ya fi. Faɗin ciki santimita 50, tsawo 45, zurfi 11, jiki da katako mai milimita 18, baya da ƙofa da filawud, hinji biyu da wurin kwado. Lokacin aiki ƙofa a buɗe, hannu yana kai wa kamar a bango. An tashi a rufe: ƙurar hunturu ta tsaya a waje, yara ma haka, kuma iskar ciki ba ta sauyawa da sauri idan hadari ya taso. A nan ne salon ramuka ya fi salon sanda biyu, tunda ɗagawar santimita 2 ta isa a fito da cizal, kabad ba ya bukatar tsawo. Kuɗinsa ya fi na rataye tsirara, amma guntayen da suka rage daga wani aiki kan isa. Wanda ke can arewa mai ƙarancin ruwa, ɗakinsa da silin da makulli, babu yara, rataye da garkuwar filawud ya wadatar masa. Durowa kuma a bar ta wa cizal ɗin da ba a taɓawa sai jifa-jifa, irin masu lanƙwasasshen baki na sassaƙa.

A rufaffen wuri ne kawai abin tsotse laima ke aiki. Ƴan ƙunshin nan masu ƙwayoyi kamar gishiri da ke zuwa cikin kwalin takalmi da na magani, a tara biyar ko shida a sa a kusurwar kabad. Suna ƙoshi, don haka duk wata a damina a juye ƙwayoyin a kasko a ɗora a wuta kaɗan, zafin da bai wuce digiri 120 ba, na sa'a ɗaya zuwa biyu. Ɗanyar shinkafa da wasu ke zubawa, ko da yake ba ta yi wuyar samu a Kebbi ba, ba ta jan laima yadda ake zato, ɓera kawai take gayyata.

Abin da ke kwana tare da cizal a ɗaki ya kan yi ɓarna fiye da yanayi. Ɗakin aikin gida sau da yawa shi ne kuma sito. Buhun takin zamani yana jan ruwa daga iska, ƙurarsa kuma tana cin ƙarfe. Batirin sola mai ruwa yana fitar da tururin asid lokacin caji, duk ƙarfen da ke kusa sai ya yi ja. Gishiri da siminti da jarkar maganin feshi duk a kai su wani ɗakin, in ba hali, a sa su a bangon da ya fi nisa. Dutsen wasawa da kwanon ruwansa su ma kada su zauna a ƙarƙashin ratayen.

Babu ma'ajin da ke maye gurbin mai. Man keken ɗinki shi ne daidai: a naɗe tsumma tam a cusa cikin gwangwanin tumatir, a jiƙa shi da man, duk cizal ɗin da za a mayar a goge shi da busasshen ƙyalle, a shafa shi a kan gwangwanin gaba da baya. Ba a son ya riƙa ɗiga, ɗan sheƙi ya isa. Man gyaɗa da manja suna daskarewa su yi danƙo, su kama ƙura, su kira tururuwa. Baƙin mai na mota yana ɗauke da datti da asid, yana ɓata farin katako, kuma inda ya taɓa gam da fenti ba sa kamawa. Kakin zuma ko kyandir da aka goga aka murje da ƙyalle yana aiki, kuma da hunturu ya fi mai, don ƙura ba ta manne masa.

Jeri kuwa ba ya son dogon tunani. Daga hagu zuwa dama, ƙarami zuwa babba: milimita 6, 12, 19, 25, wato kwata da rabi da uku bisa huɗu da inci ɗaya. Waɗannan huɗun ke yin yawancin aikin gida, su ne za su zauna inda hannu ya fi kai wa. A rubuta girman a gaban kowane rami, a bar rami biyu babu komai don abin da za a saya gaba. A ware tsohon cizal ɗaya a shafa wa ƙotarsa jan fenti, shi ne na kankare gam da ɓamɓare fenti da shiga katakon da ake zargin akwai ƙusa, shi ne kuma wanda ake ba maƙwabci in ya zo aro. Wurinsa can ƙarshe, nesa da sauran.

Wanda zai rufe ɗakin aiki ya koma gona duk damina, ya wanke hannu, ya goge kowane cizal, ya shafe shi da basilin mai kauri, musamman shafaffen bayan, ya sa hula, ya rataye a kabad ya rufe. Bayan ne ya fi bukatar kulawa. Tsatsar da ta kama gangaren baki wasawa ɗaya ke kwashe ta. Wadda ta yi rami a baya kusa da baki kuwa, duk sanda wasawa ta iso wurin sai ramin ya zama giɓi a kaifin, ya riƙa barin layi a jikin katako. In tsatsar ta tsaya a sama, sanfefa mai lamba 400 da ɗigon mai, a shimfiɗa a kan gilashi a goga bayan a kwance, sannan a bi da 600. In ta yi zurfi, sai dai a ci bakin a kan dutse har a wuce ramin, ko da za a rasa milimita 2 ko 3 na tsawon ƙarfen.